Ranar da Abdulmajid Ya Yi wa Gari Tsaga

A duk faɗin Tsamiyar Bawa, wani gari da ke gefen hanya tsakanin Kore Mairuwa da Dogon Dutsi, babu wanda ya taɓa jin Abdulmajid ɗan Issa ya ce "ban iya ba." Shekara huɗu ya yi a Lome, ya dawo da wata tsohuwar odinatar, wato kwamfuta, da aka ɗaure da roba, da baƙin tabarau, da magana guda wadda ba ta barin bakinsa: "Gaba ɗaya!" Shi ba ya yin abu ɗaya-ɗaya, wannan aikin marasa ilimi ne. Waɗanda suka yi ci-rani tare da shi sun rantse wankin mota ya yi. Shi kuwa ya ce a gidan manyan masu hoto ya yi aiki, motocin ma na gidan ne.

A shekarar ne ƙungiyar 'ya'yan gari ta gama gina zauren taro. A jikin zauren akwai wani ɗan ɗaki mai ƙofa ta bakin hanya, aka ce za a ba mai sana'a guda ya zauna. Mutum biyu suka sa ido a kansa: Salma tela, wadda ke ɗinki a zauren gidan mijinta kaji na bin ƙafarta, da Abdulmajid, wanda ba shi da wurin zama sai rumfar abokinsa Ɗayyabu mai gyaran babur. Abdulmajid na son ɗakin nan har cikin ransa. Ya gaji da a ce masa mai wankin mota.

Shugabar ƙungiyar ita ce Madam Cécile, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, da ta karantar da rabin garin. Ita ta kawo shawarar a jera hotunan dattawan da suka gina gari a bangon zauren, na raye da na mace, kafin ranar buɗewa. Aka yi shela a Watsaf. Hotuna suka yi ta zubowa daga Abijan, daga Agadas, daga Kamba, har ɗari da ashirin. Sai dai kowanne an tura shi, an sake turawa, an kuma turawa, duk turawa yana matsewa yana ramewa, har ya koma bai fi akwatin ashana ba. Madam ta kwana uku tana bi tana rubuta sunan kowa a kan hotonsa.

Ranar taro ta ce, "Mai hoto na Yamai ya ce sai wata guda, don ɗaya-ɗaya za ya bi su. Biki kuwa saura kwana goma. Sai dai mu zaɓi ashirin."

Kafin ta rufe baki wuri ya kaure. Ashirin ɗin wa? Uban wa za a bari? Sai ga Abdulmajid ya miƙe, ya gyara tabarau.

"Madam, wata guda? Wanga mutum da allura yake aiki? Ni ku ba ni la'asar guda. Ɗari da ashirin, in danna buton guda, gaba ɗaya! Kowane ya kai girman faifai huɗu, kuma kyawunsa ba ya raguwa ko da ƙwayar gero."

Madam ta kalle shi ta saman gilashinta. "Abdulmajid, kai ne fa ka shekara uku a aji guda a hannuna."

"Son ki nake yi, Madam, shi ya sa na ƙi wucewa."

Aka yi dariya. Amma babu mai son a bar ubansa, sai jama'a suka goya masa baya. Madam ta miƙa masa 'yar kile, wato ɗan ma'ajin da hotunan ke ciki, ta ce, "To, ga shi gaban kowa. In bango ya yi kyau, makullin ɗaki naka ne. In ka kunyata mu, na Salma ne."

Daga ɓangaren mata Salma ta ce, "Madam, in fara auna labule?"

"Auna," in ji Abdulmajid. "Zan buƙaci labule a studiyo."

Da la'asar ya baje a rumfar Ɗayyabu, ya jona odinatar da batirin mota, ya tattara hotunan duka ya ja su da ƙarfin tsiya suka kumbura. Ya buɗe na farko yana murmushi. Ɗayyabu ya aje sufana ya leƙo.

"Wanga gini ne ko mutum?"

"Tsohon sarkin noma ne."

"Na ga bulo a jere, na ga kamar taga. Sarkin noma yana ciki ne?"

Gaskiyar Ɗayyabu ce. Fuskar ta farfashe ta koma 'yan murabba'ai, hanci guda uku, ido babu. Abdulmajid ya rufe da sauri ya ce gwaji ne, duk babban ma'aikaci sai ya fara gwada ƙarfin na'ura.

Washegari ya gano wani shafi a intanet da ya ce shi mai basira ne, yana ƙara wa hotuna girma da yawa a lokaci guda, kuma duk abin da hoto ya rasa shi zai cike. Akwai wasu 'yan ma'auni uku da ake ja daga sifiri zuwa ɗari: gyaran fuska, share tabo da karce, da yanke hoto daidai kan fuska. Abdulmajid ya ja su duka har ƙarshe.

"Ba ka tsaya a tsakiya?" in ji Ɗayyabu.

"Mutum ya samu abu kyauta ya tsaya a rabi? Kai dai ka san babur."

Sai rezo, wato sabis ɗin waya, ya ce bai san zancen ba. A rumfa babu, a bakin hanya sanda ɗaya. Abdulmajid ya hau kan kwanon rumfar da rana tsaka, odinatar a cinya, waya a sama. Mata masu dawowa daga rijiya suka tsaya.

"Abdulmajid, watan azumi kake nema da azahar?"

"Ku wuce, aikin ilimi ake yi!"

Aikin ya kai tamanin da bakwai cikin ɗari, rezo ya yanke. Ya kai casa'in da takwas, kiran wani ya shigo yana tambayar ko Ɗayyabu na nan, ya yanke. La'asar guda ta zama kwana uku. Kwano ya gasa shi ciki da waje, wuyansa ya saɓule, ranar ta uku da yana saukowa ƙusa ta kama wandonsa ta raba shi biyu. Amma aiki ya sauko. Da na'ura ta ce babu wuri a kile, ko a maye tsofaffin da sababbin, bai ko karanta ƙarshen tambayar ba ya danna e. Sunayen da Madam ta kwana uku tana rubutawa suka tafi, hotuna suka koma 001, 002, 003.

Ya buɗe goma na farko. Kai, jama'a! Fuskoki sumul, fata na sheƙi, ido tar. Abdulmajid ya yi tsalle har ya manta da wando.

"Wala, ga shi! Ɗayyabu, zo ka ga Lome!"

Ɗayyabu ya daɗe yana kallo. "Kyau dai akwai shi. Amma su wane ne?"

"Dattawan gari mana."

"Wanga rawanin na Malam Tanko ne. Malam Tanko ido ɗaya gare shi."

"An mayar masa. Laifi ne?"

"Wanga kuma kakana ne, ga tsohuwar rigarsa. Ya mutu ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, nan ga su talatin da biyu, ko goro ba su taɓa gani ba." Ɗayyabu ya matso, ya ƙura ido, murya ta sauya. "Abdulmajid, ina tsaga?"

Abdulmajid ya sake duba hotunan goma, babu tsaga ko ɗaya, garin kuwa na Arawa ne. Dattawan Arawa na wancan zamani kusan duk suna da tsagarsu, layi biyu daga gefen baki zuwa kunne, da ita ake sanin ɗan gida ko a kasuwar wata ƙasa. Na'ura ta gani ta ɗauka karce ne, ta share tas. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san a garin nan gara ka cire wa mamaci hula da ka cire masa tsaga. Saura kwana shida, mai buga hotuna a Doso kuma ya ce sai ya yi kwana huɗu.

"Tashi mu je ka gaya wa Madam," in ji Ɗayyabu. "Hotunan na nan a wayoyin mutane, a sake tarawa."

"In je in ce mata me? In miƙa wa Salma makulli da hannuna?" Sai ya daki cinya. "Tsaga ba layi biyu ba ce? Abin da wanzami ya yi da aska, ni da na yi Lome zan kasa?"

Ya zana baƙaƙen layi biyu a dama, biyu a hagu, ya daidaita su a kan fuskar 001. Suka zauna daram. Ya umarci na'ura ta buga su a kan sauran duka.

"Ba kowa ne Ba'are ba a cikinsu fa."

"Wanda ya sha ruwan garin nan shekara arba'in ya zama."

"To ka buɗe ka duba su mana."

"Duba ɗaya-ɗaya aikin mutumin Yamai ne. Gaba ɗaya!"

Ya aika Doso, ya ce a manna kowane a katako a naɗe shi da takarda, kada ido ya gani sai ranar biki. Kwanakin da suka rage ya yi su yana rubuta allo da jan fenti, STUDIYO GABA ƊAYA, yana yawo da shi a kafaɗa wai fenti yake shanyawa. Da ya wuce ƙofar Salma ya ce in ta zo ɗaukar hoto ita da kajinta zai yi mata alfarma. Ta ce ya kawo wandon nan da ya yage ta ɗinke masa, kada ya karɓi makulli a tsiraice.

Ranar biki motar Doso ba ta iso ba sai da hantsi, makaɗa sun riga sun fara. Abdulmajid da Ɗayyabu suka yi ta buga ƙusa suna ratayawa a naɗe, zufa na zuba. A na ƙarshe ƙusa ta ƙare, suka jingine shi a bayan ƙofa.

Zaure ya cika maƙil. Madam Cécile ta yi jawabi, liman ya yi addu'a, wakilin mera, wato magajin gari, ya yanke ƙyalle. Kafin a ce wani abu Abdulmajid ya fizge makirfo.

"Jama'a, za ku ga ban sa sunaye ba. Da gangan ne! Wanga aiki ya fi ƙarfin suna. Kowa ya tashi ya yage takarda, jini zai kira jini!"

Aka tashi aka yi ta yagewa, kyat, kyat, kyat. Sai wuri ya yi tsit, har makaɗi ya tsaya da gula a sama.

Samari da 'yan mata ɗari da goma sha tara suka zubo wa jama'a ido daga bango, kyawawa, masu fararen haƙora, kai ka ce uwa ɗaya ta haife su. Kowanne da baƙaƙen layinsa huɗu. Wanda ya tsaya daidai, sun sauka a kunci. Wanda ya karkata, sun sauka a hanci. Akwai mai tsaga a rawani, akwai mai tsaga a maƙogwaro, akwai wata baiwar Allah da tata ta sauka a kan tulun da ta ɗauko.

Iya Baturiya ce ta fara magana, tsohuwa mai shekara tamanin da mijinta ya rasu tun zamanin fari. Ta dogara sanda ta tsaya gaban wani hoto.

"Wagga hula ta maigidana ce, ni na saƙa ta da hannuna. Amma wanga saurayi fa?" Ta matsa, ta kare ido da tafin hannu. "Kai! Da haka yake, da ban yi yaji sau bakwai ba. Ku sauko mini da shi in tahi da abina."

Dariya ta ɓalle, sai hayaniya ta biyo baya. Gida biyu suka kama hoto guda suna ja, waɗannan na cewa kakansu ne, waɗancan na cewa gwaggonsu ce. Osée, mai karantarwa a coci, ya tsaya gaban wani mai farar riga da gicciye a wuya, ya riƙe baki.

"Mompera ne, tsohon fadan cocinmu! Baturen da ya haƙa muna rijiya! Shekara talatin yana cikinmu, bai taɓa gaya muna Ba'are ne ba."

"Abdulmajid!" Madam Cécile ta kira cikin takaici. "Mene ne wannan? Ina sunayen da na rubuta? Ina iyayen mutane?"

"Madam, a kwantar da hankali. Ba an ce mutanen Aljanna duk samari ne ba? Na'ura ce ta hango su a can."

"A'uzu billahi!" in ji liman. "Har da mai tsaga a tulu?"

Ana cikin haka wata mata ta ratso jama'a a hankali. Inna Hawwa'u ce, mahaifiyar Abdulmajid. Ba ta dariya, ba ta faɗa. Ita ma ta ba da hoton marigayi mijinta, Issa, guda ɗaya tak da aka taɓa ɗaukarsa a duniya.

"Abdulmajid, na zaga bangon ga sau biyu ban ga ubanka ba. Idona ya tsufa. Zo ka nuna mini shi."

Madam ta zaro makullin ɗaki ta ɗaga sama kowa ya gani. "Shi ke nan, an yanke mana shari'a. Kai ka ce jini zai kira jini. Nuna ubanka, makulli naka ne, duk da wannan ɓarna."

Abdulmajid ya cire tabarau. Ya fara bin bango, jama'a na biye da shi. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, tun da aka ba shi kile bai buɗe hoton ubansa ba ko sau ɗaya. Yana ɗari da ashirin gaba ɗaya, ina ya ga lokacin mutum guda? Ya kai ƙarshen bango ya dawo. Fuskokin duk suna yi masa murmushi iri ɗaya. Sai ya tuna Baba na son malfa in za shi gona. Ga kuwa wani can da malfa, tsaga ta zauna masa daidai a kunci.

Ya daki ƙirji. "Ga Baba! Ko cikin dubu na san shi. Ku dubi idon nan, ku dubi hancin nan, ba nawa ba ne sak? Allah ya jiƙanka, Baba!"

"Amin," in ji wata murya daga baya, "amma da sauran kwanana."

Manu ne, tsohon Bafulatani makiyayi, wanda ya ba da bijimin da aka yanka don bikin. Yana tsaye da ransa da lafiyarsa, sanda a kafaɗa. Tsakanin Arawa da Fulani kuwa akwai wasa tun na kakanni, ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya ratso ya tsaya gaban hoton.

"Malfata ce wagga, ga layata a jiki. Ga ƙahon saniyata nan a baya. Ni kunka tsaga? Shekara saba'in ina tsare fuskata daga askar Arawa, yau an yi mini ba ko zafi!" Ya juyo ya dafa kafaɗar Abdulmajid. "Amma tunda ka ce ni ne ubanka gaban liman da wakilin mera, na karɓa. Dama Ba'are bawan Bahillace ne. Gobe da sassafe ka taho ruga, kashin shanu ya taru." Sai ya waiwayi Inna. "Hawwa'u, ashe haka munka yi ba ki gaya mini ba?"

"Rufe mini baki, Bahillace," in ji Inna, "kafin in rufe maka da tabarya."

Zaure ya kife. Wakilin mera ya sunkuya yana share hawaye, Ɗayyabu ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki. Madam Cécile ta taka ta sa makulli a hannun Salma. Salma ta jujjuya shi ta ce, "Labulen ma na gama shi tun jiya."

Abdulmajid ya buɗe baki zai ce rezo ne, sai ya ga Inna ta nufi bayan ƙofa, inda hoto guda ke jingine ba a yage ba. Ta durƙusa ta ɓare takardar da kanta.

Jaki ne. Jaki fari, kyakkyawa, ido tar, gashi a kwance, an yanke hoton daidai kan fuskarsa, ga tsagar Arawa ta zauna masa layi biyu dama biyu hagu, ta fi ta kowa daidaituwa a zauren. Jama'a suka soma wata dariyar, amma da suka ga fuskar Inna sai ta mutu a bakinsu.

"Jakinmu ne," ta ce. "Ranar da anka ɗauke su ubanka na tsaye gefensa, rana ta bugi fuskarsa bai fito sosai ba. Na'urarka ta zaɓi wanda ya fi fitowa." Ta sa yatsa a gefen hoton, inda wani baƙin hannu mai zoben azurfa ke dafe da wuyan jakin. "Ga ubanka nan. Abin da ka rage mini ke nan."

Abdulmajid ya kalli hannun. Ya san zoben, ya san babban yatsan nan da fartanya ta taɓa fasawa. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

"Inna, a bar shi nan, zan gyara..."

"Ba ka ƙara taɓa shi da na'ura. Hannun dai nasa ne, gidana za shi kwana." Ta gyara mayafi. "Ɗauki ka aza a kai, fuskar ta kalli gaba. Ta cikin kasuwa za mu bi."